Sunan da Ya Yi wa Baba Nauyi

Ranar addu'ar ukun surukina, a ƙarshen daminar 1998, tabarmin gidansa da ke Bagama ba su ishi jama'a ba, sai da aka aro na masallaci. Ina cikin gida wajen mata, amma tagar ɗakin da muke zaune tana kallon ƙofar gida, ni kuwa ba a halicce ni da haƙurin zama ban leƙa ba. Na ga abokan aikinsa na jami'a sun sauko daga wata doguwar mota, sun sha hanya, kowa da tabarau da babbar riga. Da aka ba ɗayansu dama ya yi magana, ya ce ƙasar nan ta yi rashin masani a kan tasowar yara da matasa, ya shiga jero takardun da marigayin ya rubuta, rabin maganar da Turanci. Dattawan unguwa suna gyaɗa kai don ladabi. Liman ya jira shi ya kai aya, sannan ya ce a shafa.

A ɗakinmu kuwa wata maƙwabciya ce ke ba da nata tarihin. Ta ce farkon dawowarsa gari ta ji ana kiransa daktan yara, sai ta goyo ɗanta mai zazzaɓi ta kawo masa. Ya yi dariya ya ce shi daktan da ba ya allura ne, amma ya zura takalmi ya raka ta har asibiti, yana tafe yana hira da yaron a bayanta har yaron ya manta yana kuka. Matar wani ɗan haya, 'yar ƙabilar Ibo, ta kasa zama wuri ɗaya, sai faɗi take, "Baba don go. Who go talk to my pikin?", wato Baba ya tafi, wa zai riƙa yi wa ɗanta magana. A waje kuma yara sun jeru a gindin katanga, ba wanda ya kira su, ba kuma wanda ya iya korarsu.

Mutum ɗaya ne idonsa a bushe, mai gidana, ɗansa na fari. Yana zaune kusa da liman yana karɓar gaisuwa kamar mai karɓar baƙi a ofis. Na ji wata a bayana tana raɗa wa ta kusa da ita cewa zuciyar wasu 'ya'yan dutse ce. Amsa ta zo mini har bakin leɓe, na haɗiye ta don gidan makoki ne. Ta ƙi narkewa a cikina, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Ba zan faɗi sunan Baba ba, suruki ne. Ba zan faɗi na mai gidana ba, miji ne. Ku yi haƙuri da ni, dama duk labarin nan a kan sunan da ba a faɗa ne. Shekarun da na yi ina shiga gidan nan, abu ɗaya na sa a raina, wato mai gidana ya ji sunansa a bakin mahaifinsa kafin ɗayansu ya bar duniya.

Baba haifaffen garin nan na Suleja ne, tun ana kiransa Abuja, kafin a ɗauke sunan a kai wa sabon birni. Yakan ce garinsu ne kaɗai ya taɓa ba da aron sunansa ba a dawo masa da shi ba. Ya yi yawancin rayuwarsa yana koyarwa a wata jami'a can Arewa, a sashen ilimi. Abin da ya ƙware a kai shi ne yadda hankalin yaro ke girma: me yaro ke ganewa a wane lokaci, me yaye ke yi wa zuciyar jariri, me riƙo ke yi wa wanda aka ɗauka daga hannun uwarsa, da kuma kunyar ɗan fari, wannan al'ada tamu da ke hana iyaye kiran sunan ɗansu na farko ko nuna masa ƙauna a gaban mutane. Ya yi ritaya ya dawo gida daidai lokacin da gwamnati ta tare a sabon birni, Suleja ta cika ta batse da baƙi irina. Ni Bakanuwa ce, ina buga tafireta a wani ofis, mai gidana yana wata ma'aikatar. Muka kama haya a Madalla, alhali ga ɗakuna a rufe a gidan Baba. Mutane sun yi ta tsegumi a kan haka, kuma ba su yi ƙarya ba.

Ritayar tasa ta baki ce kawai. Ya ce Allah ya kawo masa abin bincike har ƙofar gida. Iyaye na fita tun duku-duku su kama motar Abuja, ba su dawowa sai bayan magariba, yara na yawo da makullin ɗaki rataye a wuya. Baba ya so ya san wa ke renon waɗannan yaran, me suke ci da rana, wa suke gaya wa in an doke su. Ɗalibansa na jami'a sukan zo su kwana biyu a zaurensa suna nasu binciken, ya kai su tasha wajen yaran mota, ya kai su filin ƙwallo. In ɗalibi ya fito da takardar tambayoyi, sai Baba ya ce ya mayar aljihu tukuna, ya fara koyon sunan yaron.

Abin da kowa ya san shi da shi tsugunno ne. Dattijo mai furfura, da babbar rigarsa, in zai yi magana da yaro sai ya tattare riga ya tsuguna har idonsu ya zo daidai. Gwiwoyinsa suna ƙara kamar tsohuwar ƙofa, bai fasa ba. Wani abokinsa ya taɓa yi masa tsiya, ya ce ai abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Baba ya ce gaskiya ne, amma abin da yaro ke gani daga ƙasa, babba ma sai ya tsuguna. In aka ce masa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, sai ya ɓata fuska ya tambaya wa ya ce musu yaro icce ne. In aka kawo masa ƙarar yaro, ba ya tambayarsa me ya yi. Tambayarsa kullum ita ce, "Me ya faru da kai?" Na sha ganin ƙaton saurayi mai taurin kai ya fashe da kuka a kan wannan tambayar.

Kada a ce na mai da shi waliyyi. Yana da mita. In ya kama maganar yaye, shayinka zai huce, tuwonka ya sandare. Ba ya iya ganin uwa ta ɗaga hannu a kan ɗanta a titi ya wuce, ko bai san ta ba, kuma ya sha zagi a kan haka, wani lokacin da yaren da ba ya ji. Yana son a ce ya yi daidai. In aka kayar da shi a gardama sai ya tashi ya ce lokacin salla ya yi, ko da saura.

Ɗan matar nan da na ce ta kasa zama, yana cikin waɗanda Baba ya tsamo. Yana ɗan shekara goma sha wani abu, aka kama shi ya ɗauki rediyo a wani shago, mutane suka taru za su yi masa dukan kawo wuƙa. Baba ya ratsa taron ya riƙe hannun yaron, ya ce ɗansa ne, duk mai duka ya fara da shi. Ya kawo shi zaure. Bai yi masa wa'azi ba. Ya ɗauko wata matacciyar rediyonsa ya ajiye a gabansa, ya ce ta gagare shi. Kullum bayan makaranta yaron ya zo ya zauna yana kwance ta yana ɗaurawa, Baba na gefe yana karatu, ba mai cewa uffan. Sai da aka daɗe sannan yaron ya buɗe baki da kansa. Ashe tun da suka baro garinsu ba wanda ya zauna da shi ko na minti ɗaya, uwa na kasuwa, uba na wurin gini a Abuja, shiru ne ya ishe shi a ɗaki ya je neman abin da zai yi masa magana. Yanzu yana da rumfarsa ta gyaran rediyo a hanyar Sabon Wuse. Shi ya fi kowa riƙe makara ranar jana'iza.

To, wannan mutumin, mai tsuguna wa 'ya'yan kowa, ku zo ku gan shi da nasa. Duk ranar Lahadi mukan je gaisuwa. Mai gidana ya durƙusa a bakin ƙofa ya ce, "Malam, ina wuni." Malam yake ce masa, kamar ɗalibi. Baba ya kafa wa bango ido ya ce lafiya, ya aiki, madalla. Shi ke nan an gama. Ƙannen mai gidana kuwa in sun zo, ya kira su da suna, ya ja kunnen wannan, ya tsokani wancan. In yana da saƙo ga babban, ni yake ba wa, ga mai saƙon a zaune. "'Yar Kano, ki gaya wa mutumin naki ya rage shan sanyi, na ji yana tari." Ni kuma in juya in maimaita, kamar tafinta a kotu.

Wata rana na zauna na yi tunani, abin ya ba ni tsoro. Mahaifiyarsa, Allah ya jiƙanta, har ta rasu ba ta taɓa kiran sunansa ba. Mahaifinsa ba ya kira. Ƙannensa Yaya suke cewa. Ni matarsa ba na kira. 'Ya'yansa Abba za su ce. Mutum ya doshi arba'in, duk wanda ke ƙaunarsa a duniya ba ya furta sunansa. A ofis kaɗai yake jin sa, a bakin shugabansa, shi ma a karkace yake faɗarsa.

Mai gidana ba mai yawan magana ba ne, amma ciwon yana nan. Sau ɗaya ya taɓa buɗe mini shi. Muna dawowa daga gaisuwa, na yi kuskuren yabon yadda Baba ya rarrashi wata yarinya da ta ƙi makaranta. Sai da muka sauka daga mota, sannan ya ce, "Ya san abin da ke damun kowane yaro daga Sabon Wuse har Madalla. Ni kaɗai ne darasin da bai karanta ba." Na ce ai al'ada ce, kowa haka aka yi masa. Ya ce da jahili ne ya yi masa da bai ji zafi ba. Wanda ya san abin da yake yi, ya rubuta littafi a kai, ya ci gaba da yi, wannan ba al'ada ba ce, zaɓi ne. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne da muka haifi 'yarmu ta fari, sai na ga shi ma yana kauda kai in ta miƙo masa hannu.

A kan yarinyar nan aka yi rigimar da ba a taɓa yin irinta ba a gidan. Gwaggo, ƙanwar Baba, mace ce mai kirki da kaifin harshe, ita ke riƙe da al'adun gidan tun rasuwar tsofaffi. Dama tana cike da ni, don ina kiran 'yata da sunanta gatsal, har in sumbace ta a tsakar gida. Ta ce rashin kunyar Kanawa ne. Da lokacin yaye ya yi, ta zo da shirinta: a shafa maɗaci, a ba ta yarinyar ta tafi da ita, kada ta sake ganina sai ta manta da nono. Ni suruka ce, ba ni da bakin musu. Baba ne ya fito daga ɗaki da littafi a hannu, ya ce ba inda za a kai ta. Ya ce a raba yaro da nono daban, a raba shi da uwa daban, mu kuma muna haɗa masa biyun a rana ɗaya, sannan mu ce ya cika rigima. Ya ce a rage mata a hankali, tana ganin uwarta. Ya kama bayani, ya kawo abin da ya gani a ƙauyuka, ya kawo abin da masana suka ce.

Gwaggo ta bar shi ya gama tsaf. Ta gyara mayafi ta ce, "Yaya, gwano ba ya jin warin jikinsa. Kai da ka tsufa ba ka taɓa kiran ɗanka da sunansa ba, kai ne za ka koya mini reno?"

Mai gidana yana zaune a kan turmi, ya sunkuyar da kai. Na jira Baba ya ce lokacin salla ya yi. Bai ce ba. Ya tsaya da littafinsa a hannu kamar an kama shi da kayan sata, can ya juya ya shiga ɗaki. Yarinya dai ba a tafi da ita ba, amma Gwaggo ta yi watanni ba ta taka gidan ba, kuma na san ba ita ce ta fi jin ciwo ba a ranar.

Bayan kwana biyu na kai masa abinci ni kaɗai. Na ajiye zan fita, ya ce in zauna. Suruka ba ta zama a ɗakin suruki, amma na raɓe a bakin ƙofa. Ya ce zai gaya mini inda bincikensa ya samo asali, abin da bai taɓa gaya wa ɗalibi ba. Da aka yaye mai gidana, an kawo shi nan wajen kakarsa, Baba da matarsa kuma suna can inda yake karatu. Wani hutu Baba ya dawo, dattawan gida suna zaune a zaure, mahaifinsa na tsakiya. Yaron yana ɗan shekara huɗu ko kusa, wani ya nuna masa ya ce ga babanka. Ya sheƙo da gudu ya rungume ƙafarsa. Baba ya ce ya ji idon dattawan nan a kansa kamar rana, sai ya janye rigarsa daga hannun yaron, ya wuce ya gaida manya. Aka yaba masa, aka ce boko bai ɓata shi ba.

"Da na waiwaya," in ji shi, "yana tsaye inda na bar shi. Bai yi kuka ba. Kallona kawai yake, yana neman laifin da ya yi. Wannan kallon na bi har ƙasar waje ina neman fassararsa. Na san ciwon, 'yata. Na san sunansa da Turanci, na koyar da maganinsa. Na sa iyaye da yawa sun kira 'ya'yansu. In na zo kan nawa, sai bakina ya ƙi."

Na ce, "Baba, ai bai makara ba."

Ya ce tun yana yaro kunyar dattawa ce ta hana shi. Yanzu dattawan duk sun mutu, kunyar yaron ce ta rage. Me zai ce masa in ya tambaye shi ina yake duk shekarun nan? A ranar na ji tausayinsa ya kama ni har na manta da tsoronsa. Na kuma ji haushinsa, don mai ilimi irinsa bai kamata abu kaɗan haka ya gagare shi ba. Amma na lura ba kaɗan ba ne. Ni ma da aka ce in kira mijina da suna a gaban mutane, da ƙasa zan nema ta tsage.

Daga nan na zama 'yar aike ba wanda ya aike ni. Ina gaya wa mai gidana cewa Baba ya tambayi tarinsa, ya tambayi ƙarin girmansa, ya ajiye masa zuma. Ya ce in gaishe shi. Ina gaya wa Baba cewa mutumin nawa ya sayo masa maganin gwiwa da kansa. Ya ce Allah ya yi albarka. Na roƙi izini in faɗa wa mai gidana labarin zauren, Baba ya hana, ya ce wannan ba saƙon da ake aikawa ba ne. Wata Sallah ya yi mini alkawari zai kira shi da sunansa. Muka zo, aka ci abinci, na kwashe yara na fitar da su, na laɓe a bayan labule. Na ji Baba ya yi gyaran murya. Ya sake yi. Ya ce, "Kai..." Sai na ji ya ce, "Kai, tayar babur ɗin nan taka ta yi sanyi, a duba ta." Da na shigo kwashe kwanuka ya ƙi haɗa ido da ni, ni kuwa na ajiye masa butar alwala da ƙarfin da bai dace da suruka ba.

Haka shekaru suka yi ta tafiya, har ciwon zuciya ya kwantar da shi. Ƙafafunsa suka kumbura, tsugunno ya gagara. Yaran unguwa suka koma zuwa taga suna gaishe shi, yana kiran kowa da sunansa daga kan gado. An kai shi asibiti, aka riƙe shi, daga baya likita ya ce a kai shi gida ya huta, mu kuma mun san ma'anar wannan hutun. A nan ne na ga abin da masu tsegumi ba su gani ba. Mai gidana ya ɗauki hutu a wurin aiki. Shi ke ɗaga shi, shi ke juya shi, shi ke yi masa alwala, shi ke yanke masa farce. Duk ba hira. Malam, ɗaga hannu. Malam, ga ruwa. Baba ya ɗaga, Baba ya sha, idonsa na kan bango. Gwaggo ta dawo ta tare a gidan, rigima ta wuce, kullum tana kallonsu tana girgiza kai tana cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Wata ranar Laraba bayan la'asar, muna shirin komawa Madalla don mu duba yara. Ƙanen mai gidana ne zai kwana da Baba. Ina tattara kwanuka, mai gidana ya gyara masa matashi, ya ce, "Malam, sai da safe." Ya kai bakin ƙofa, ya zura takalmi ɗaya.

Sai Baba ya kira shi.

Da sunansa, cikakke, yadda aka raɗa masa ranar suna. Muryar ba ta da ƙarfi, amma ba gargada a cikinta, kamar wanda ya daɗe yana maimaitawa a zuci. Mai gidana ya tsaya cak, ya ba mu baya. Na ga kafaɗarsa ta motsa. Na ga ya dafa ƙyauren. Na ce a raina, juya, don Allah juya. Bai juya ba. Ya zura ɗaya takalmin ya fita.

Na rasa inda zan sa kaina. Na dubi Baba ina neman abin da zan ce in rufe wa mijina asiri, sai na ga yana murmushi, hawaye na gangarowa ta gefen ido zuwa kunne.

Ya ce, "Na faɗa dai ko, 'yar Kano?"

Na ce, "Ka faɗa, Baba."

"To bar shi, kada ki yi masa faɗa. Yaron da aka daɗe ba a kira ba, ba ya amsa kiran farko. Wannan ma na koyar da shi. Gobe zan sake."

Ban bi umarninsa ba. A mota na danne, amma muna shiga ɗaki na sauke wa mai gidana kwandon magana. Na ce abin da ya jira tun yana yaro an miƙo masa ya ƙi karɓa, na ce alhaki zai kama shi, na faɗi har abin da ban kamata in faɗa ba. Ya zauna a bakin gado bai cire hula ba. Da na gaji, ya ce ba ƙi ya yi ba. Ya ce ya buɗe baki zai amsa, sai ya ga in ya juya zai faɗi ƙasa yana kuka kamar yaro a gaban matarsa da mahaifinsa. "Bakina ne ya ƙi," in ji shi. Jin wannan kalma a bakinsa, shi da bai san mahaifinsa ya taɓa faɗarta ba, ya sa na zauna kusa da shi. Ya ce gobe da sassafe zai je, in an kira shi zai amsa, in ma ba a kira ba zai amsa na jiya.

Da safe muna bakin titi muna jiran mota, sai ga ƙanen mai gidana a kan babur. Tun kafin ya tsaya muka gani a fuskarsa. Baba ya yi sallar asuba a kwance, ya nemi ruwa, kafin a kawo ya cika.

Da muka isa, mai gidana da liman da wani dattijo suka yi masa wanka suka sa shi a likkafani. Kafin a fitar da shi, aka ce iyali su shigo su yi masa addu'ar bankwana. Muka shiga, ƙannen mai gidana mata suna kuka ƙasa-ƙasa, kowa ya yi addu'a ya ce ya yafe, ya fita. Ni na tsaya riƙe da Gwaggo don ta ƙi fita. Masu makara suna bakin ƙofa suna jira.

Mai gidana ya ce su ɗan dakata. Ya durƙusa wajen kan mahaifinsa, ya ɗora tafinsa a kan likkafanin, ya sunkuya har bakinsa ya kusa taɓa inda kunnen yake. A hankali ya yi maganar, daga ni sai Gwaggo muka ji.

"Na'am, Malam. Ga ni."

Gwaggo ta cusa mayafi a baki. Shi kuwa ya ɗan jima a haka, kamar mai sauraron abin da za a aike shi, sannan ya miƙe ya kama gaban makarar.

Ni ba malama ba ce, ban san iyakar abin da mamaci ke ji ba. Allah ya jiƙan Baba, ya yalwata masa kabarinsa, ya saka masa da alherin da ya yi wa 'ya'yan mutane, ya yafe masa abin da ya gagare shi a kan nasa. Roƙona ɗaya ne a kan wannan amsar da ta makara da kwana ɗaya. Allah ya sa ya ji.